Sunan Dillali a Cikin Ƙunshi: Rumbun Manhaja, 'Yan Turawa da Makomar Gasa a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Gabatarwa

A watan Agusta na 2025 kamfanin Google ya sanar da wata sabuwar ƙa'ida da za ta shafi duk wayar Android da ke ɗauke da hatimin amincewarsa. Ƙa'idar ta tanadi cewa nan gaba waya ba za ta karɓi manhaja ba sai wadda maƙerinta ya yi rajista da kamfanin, ya bayar da sunansa na gaskiya da adireshinsa da lambar wayarsa, ko da kuwa ba daga rumbun Play Store aka samo manhajar ba. An tsara fara aiki da ita a watan Satumba na 2026 a ƙasashe huɗu, wato Birazil da Indunusiya da Singafo da Tailan, sannan ta yaɗu zuwa sauran duniya daga 2027. Sanarwar ta tayar da ƙura tsakanin masana fasaha, har ta kai a watan Nuwamba na 2025 kamfanin ya yi alƙawarin buɗe wata ƙaramar ƙofa ga waɗanda ya kira ƙwararrun masu amfani da waya, da kuma wani asusu na musamman ga ɗalibai da masu koyo.

A Nijeriya maganar ba ta ja hankali gwargwadon nauyinta ba, alhali kuwa idan ana neman wuraren da za ta fi taɓawa, ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan da ke arewacin Jihar Kaduna suna cikinsu. A waɗannan wurare manhajoji da dama kan shiga waya ne ta hannun mai shagon caji da ɗan turawa da aboki, daga waya zuwa waya, ba tare da an leƙa rumbun kowane kamfani ba. Matsayin wannan maƙala shi ne, sanin sunan wanda ya ƙera manhaja abu ne mai kyau, amma littafin da ake rubuta sunayen bai kamata ya zauna a hannun kamfani ɗaya da shi ma ɗan kasuwa ne a cikin kasuwar ba. Wajibi ne hukumomin Nijeriya su kare wannan hanya ta biyu, su tsabtace ta, tun kafin a yanke hukunci a kanta daga wata nahiya.

Yadda Manhaja Ke Isa Hannun Manomi

Ƙasar da ta shimfiɗu daga Hunƙuyi da Likoro, ta ratsa Tashar Yari da Maƙarfi da Gubuchi, ta kai Ikara da Paki, ƙasa ce ta rake da mazarƙwaila da tumatir da tattasai da masara. Kuɗi kan shigo da kaka da lokacin ɗibar kayan rani, kuma a lokacin ne matashi kan sayi waya, galibi Tecno ko itel ko Infinix, waɗanda duk kamfanin Transsion na ƙasar Sin ne ke ƙera su. Da wuya sabon mai waya ya zauna ya buɗe Play Store da kansa. Yakan miƙa ta ga mai shagon caji ko ɗan turawa na bakin kasuwa, ya biya ɗan abin da ba a rasa ba, a zuba masa WhatsApp da Facebook Lite da manhajar Alƙur'ani da ta banki, a haɗa masa da karatun malamai da waƙoƙi da finafinai. Abin da ya samu kuma gobe zai tura wa ƙaninsa ta Xender, wadda ke mayar da waya ɗaya ƙaramar tasha, ɗayar ta kama ta, kaya su tsallaka ba tare da an ƙona data ba.

Wannan ɗabi'a tana da dalilai da za a iya lissafawa. Data tana da tsada ga mai samun kuɗi da yanayi, kuma ta ƙara tsada bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025. Sabis yakan yi rauni da zarar an saki babban titi an nufi ƙauye, ta yadda saukewar da za ta ɗauki minti biyu a Sabon Garin Zariya sai ta tsinke sau uku. Shiga Play Store yana buƙatar asusun Google da adireshin imel da kalmar sirri, abubuwan da mutumin da karatunsa na allo da ajami ne, ko na bokon Hausa zalla, ba ya riƙewa cikin sauƙi. Idan gida ɗaya yana da waya shida, sauke manhaja sau ɗaya a raba wa kowa shi ne abin da hankali ya yarda da shi.

Muhimmancin lamarin ya wuce nishaɗi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira, ya tilasta wa dillalan tumatir da masu sayar da rake da masu shayi komawa ga tura kuɗi ta waya, inda manhajoji irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka samu shiga sosai. Haka nan a ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, an ga a zahiri cewa intanet abu ne da ake iya ɗaukewa da umarni ɗaya. Wayar da ke iya karɓar kaya daga 'yar'uwarta kai tsaye tana da sauran amfani a irin wannan rana.

Ƙofa Ɗaya da Kuɗin Shigarta

Ta ɓangaren mai ƙera manhaja ma akwai abin dubawa. A ɗauki misalin ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ko na Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya, ɗan asalin Ikara, wanda ya rubuta manhaja da Hausa domin sanar da manoma farashin kwandon tumatir a kasuwanni daban-daban, ko domin nuna musu alamomin tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a 2016 har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Kafin manhajarsa ta shiga Play Store sai ya biya dala 25 kuɗin rajista, a rumbun Apple kuwa dala 99 ne kowace shekara. Kuɗin ba su da yawa a idon ɗan Amurka, amma da dala ake biyansu, kuma daga 2022 har zuwa tsakiyar 2025 akasarin bankunan Nijeriya sun dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙetare. Bayan haka, tun daga ƙarshen 2023 Google ya wajabta wa sabon mai asusu na ƙashin kai ya samo mutum 20 da za su gwada manhajarsa na kwana 14 a jere kafin ta fito fili, adadin da aka rage zuwa 12 a ƙarshen 2024. Idan kuma da sunan kamfani ko ƙungiya zai yi rajista, sai ya nemo wata lambar shaida daga kamfanin Dun & Bradstreet na Amurka, ko da kuwa yana riƙe da takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Nijeriya.

Idan ya tsallake wannan, sai maganar kamasho. Tsarin da Google ya shimfiɗa a 2021 shi ne karɓar kashi 15 cikin ɗari a kan dala miliyan ɗaya ta farko da mai manhaja ya samu a shekara daga sayar da kayan lantarki, irin su fim da darasi da littafi, da kashi 30 a kan abin da ya haura. Wannan ya shafi duk mai son sayar da finafinan Hausa ko darussan jarrabawa ta cikin manhaja. Gaskiya ne a 2023 kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da katin Verve domin 'yan Nijeriya su iya biya da naira, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai har yanzu mai rumbu ne ke yanke wace hanyar biya ta halatta. Ranar da kuma aka cire manhajar mutum, ƙorafinsa takarda ce da zai cike da Ingilishi, ya jira amsa daga inda bai san ko mutum ne ya karanta ko na'ura ba.

Ga irin wannan matashi, fayil ɗin manhaja da ake kira APK, wanda zai iya saka wa a zauren WhatsApp na ƙungiyar manoma ko ya bai wa 'yan turawa biyar a ranar kasuwa, shi ne kasuwarsa ta farko, kuma sau da yawa ita kaɗai. Wannan hanya ta riga ta fara ƙuntata: tun watan Agusta na 2021 sababbin manhajojin Play Store kan zo ne a wani tsari da ke rarraba manhaja gunduwa-gunduwa gwargwadon irin waya, abin da ya sa wadda aka kwafa daga wata wayar wani lokaci takan ƙi zama a wata. Sabuwar ƙa'idar rajista za ta kai hannun kamfanin har cikin hanyar da a da ba ta ƙarƙashinsa.

Darasin Manhajojin Bashi

Nijeriya ta riga ta yi gwaji ɗaya babba na sa ido a kan rumbunan manhaja, kuma ya cancanci a yi nazarinsa da kyau. Shi ne yaƙi da manhajojin ba da bashi. Waɗannan manhajoji kan ba mutum naira dubu kaɗan cikin mintuna, da ruwa mai nauyi da wa'adin mako ɗaya ko biyu, bayan sun kwashe lambobin da ke cikin wayarsa da hotunansa. Idan ya makara da biya, sai saƙo ya isa ga surukinsa da limamin unguwarsu da maigidansa cewa wane ɓarawo ne, wani lokaci ma a haɗa da sanarwar mutuwarsa ta ƙarya. A garin da kowa ya san kowa, inda mutunci ne jarin ɗan kasuwa kuma shi ake bincika kafin a ba da aure, irin wannan tozarci ya fi bashin kansa nauyi.

Hukumomi sun motsa. A watan Agusta na 2021 Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA, ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu karɓar bashi. A watan Maris na 2022 Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da bashi a Legas, ta sa aka rufe asusun bankinsu, ta kuma umarci Google da Apple su cire manhajojinsu. A watan Agusta na wannan shekara ta fitar da tsarin rajista na wucin gadi. Daga farkon 2023 Google ya fara neman takardar amincewar FCCPC kafin ya karɓi manhajar bashi daga Nijeriya, daga ƙarshen watan Mayu kuma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke cikin waya. Ba a jima ba hukumar da kanta ta fito tana kokawa cewa waɗanda aka kora sun koma raba manhajojinsu ta hanyar APK.

Mai gaggawa zai ce wannan hujja ce ta a toshe hanyar APK baki ɗaya. Amma labarin yana ɗauke da darussa da suka fi haka. Manhajojin da suka ci mutuncin jama'a sun shafe shekaru a cikin rumbun da ake cewa mai aminci, a nan suka tara miliyoyin masu saukewa, kuma sai da hukumar ƙasa ta tsaya tsayin daka sannan mai rumbu ya gyara ƙa'idarsa. Zaman manhaja a rumbu, ke nan, bai taɓa zama lamunin halinta ba. Sannan korar manhaja daga rumbu kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin mai ba da bashi yana iya sauya suna da launi cikin kwana ɗaya, abin da ba ya iya sauyawa cikin sauƙi shi ne asusun banki da kamfanin biyan kuɗi da yake bi ya tura bashi ya karɓi biya, kuma waɗannan duk suna ƙarƙashin dokar Nijeriya. Dokokin ba da bashi ta intanet da FCCPC ta fitar a 2025, masu ɗauke da tara mai tsanani ga kamfani da daraktocinsa, sun fi kusa da wuyan macijin.

Darasi na ƙarshe ya fi sauran ɗaci. Hukuma ta ɗanɗana sauƙin mulki ta hanyar aika wasiƙa ga mai tsaron ƙofa, kuma wanda ya saba da wannan sauƙi ba zai so ƙofofi su yawaita ba. Ƙofa ɗaya tana yi wa kamfani daɗi, tana kuma yi wa kowace gwamnati daɗi, mai adalci da maras adalci. A watan Satumba na 2021 Apple da Google sun cire manhajar zaɓe ta 'yan adawar Rasha bisa matsin hukumomin ƙasar. A watan Oktoba na wannan shekara Apple ya cire manhajar Quran Majeed daga rumbunsa na ƙasar Sin bisa buƙatar jami'ai. 'Yan Nijeriya da suka ga an dakatar da Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022 ba su da dalilin ɗauka cewa irin wannan ba zai iya faruwa a gida ba.

Hujjar Masu Son a Toshe

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsa tana da ƙarfi. Google ya ce bincikensa ya nuna manhajojin ɓarna da ke shigowa ta hanyar saukewa daga intanet a wajen rumbu sun ninka na cikin Play Store fiye da sau 50. Ko da an tuna cewa mai rumbu ne ya auna kansa, duk wanda ya san shagunan turawa ya san akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp suna yawo daga waya zuwa waya, ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu, kuma sukan jawo a rufe wa mutum lambarsa. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon shaidar tura kuɗi, waɗanda ake damfarar masu shago da masu POS da su. Manhajar da aka kwafa shekara biyu da suka wuce takan zauna ba sabuntawa, da duk ramukan da aka riga aka toshe a sabuwa. Ɗan turawa da ya buɗe wa mutum asusu yakan san kalmar sirrinsa, wani lokaci har da lambar sirrin bankinsa. Masu shirya finafinan Hausa kuma suna da tsohon kuka a kan yadda turawa ta karya kasuwar faifai.

Duk wannan haka yake. Sai dai cutar waya tana da ƙofofi fiye da ɗaya. A 2020 masu bincike sun gano manhajar ɓarna mai suna Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen Afirka, wadda ta zo tare da wayar tun daga kwalinta, kuma kamfanin ya danganta abin ga wani mai kawo masa kaya. Wanda ya sayi irin wannan waya bai tura komai daga kowa ba. Don haka tambayar da ke gaban masu tsara doka ita ce yadda za a sa kowace manhaja, ta kowace hanya ta zo, ta kasance da wanda za a kama idan ta yi ɓarna. A nan ne tarihin kasuwancin Hausawa yake da abin cewa.

Abin da Kasuwar Kano ta Sani

Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a farkon 1824, ya bayyana wani tsari da ya gani a kasuwar birnin. Duk ƙunshin riga ko turkudi da aka sayar, akan rubuta sunan dillalin a saka a ciki. Idan an kai ƙunshin Borno ko wata ƙasa mai nisa, aka buɗe aka tarar kayan ba su kai yadda aka faɗa ba, sai a mayar da shi Kano, dillali ya nemo mai kayan, dokar gari ta tilasta masa mayar da kuɗi. Ya kuma ambaci cewa shugaban kasuwa yana karɓar wuri 50 a kan cinikin wuri 8,000, abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Hikimar tsarin a bayyane take. Lamuni yana tafiya ne tare da kaya, don haka ba a damu da wane ayari ya ɗauke su ko ta wace ƙofar gari suka fita ba. Wanda ke tilasta biyan haƙƙi kuma hukumar gari ce, ba babban attajirin kasuwa ba. Malaman ƙasar nan ma sun daɗe da sa ido a kan mai riƙe da kasuwa: a littafin Kitabul Farƙi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa abin da masu kula da kasuwa ke karɓa daga hannun masu ciniki cikin ɗabi'un mulkin da ya soka, fiƙihu kuma ya hana tarbar ayari a bayan gari domin a saye kaya kafin masu su su san farashi.

Abin sha'awa shi ne, Android ta riga ta mallaki nata sunan dillali. Kowace manhaja tana ɗauke da hatimin lissafi na wanda ya ƙera ta, kuma waya ba ta yarda a sabunta manhaja da wadda hatiminta ya saɓa. Fiye da haka, a 2018 Google da kansa ya fito da hanyar da waya za ta tabbatar da sahihancin manhajar Play Store da aka turo mata daga wata wayar ko da babu intanet, tare da haɗin gwiwar manhajojin turawa irin su SHAREit da Xender. Ke nan fasahar tsabtace turawa tana nan, kuma kamfanin ya taɓa amincewa cewa turawa hanya ce ta halal a ƙasashen da data ke da tsada. Inda sabuwar ƙa'ida ta saɓa da tsarin Kano shi ne wajen mai riƙe da littafi. Google ne mai filin kasuwa, shi ne mai manyan rumfuna a cikinta irin su YouTube da Chrome da Gmail, yanzu kuma zai zama mai rajistar duk dillalai, har da waɗanda ba su taɓa kasa kaya a kasuwarsa ba, da ikon soke sunan wanda ya ga dama. Ko da niyyarsa ta yau mai kyau ce, ba a gina doka a kan kyakkyawar niyyar mai ƙarfi.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Tunkari Lamarin

Ƙasashe da dama sun riga sun ƙi barin wannan iko babu linzami. Koriya ta Kudu ta yi doka a 2021 da ta hana rumbuna tilasta hanyar biyansu. Hukumar gasa ta Indiya ta ci tarar Google sau biyu a watan Oktoba na 2022, ɗaya a kan Android, ɗaya a kan tsarin biyan kuɗi na Play Store. Dokar kasuwannin intanet ta Tarayyar Turai ta sa Apple ya buɗe wayoyinsa ga wasu rumbuna a watan Maris na 2024, kuma a watan Afrilu na 2025 aka ci tararsa yuro miliyan 500 saboda hana masu manhaja nuna wa jama'a hanyar saye mafi araha. A Amurka masu taimaka wa alƙali sun samu Google da laifin babakere a watan Disamba na 2023 a ƙarar da kamfanin Epic Games ya shigar. A nahiyar Afirka, hukumar gasa ta Afirka ta Kudu ta kammala bincike a watan Yuli na 2023, inda ta buƙaci rumbunan biyu su bar masu manhaja su nuna wasu hanyoyin biya, su kuma fito da manhajojin 'yan ƙasa fili.

Sai dai akasarin waɗannan rigingimu faɗa ne tsakanin manyan attajirai a kan rabon kamasho. Ba wanda zai tsaya a Brussels ko Kalifoniya ya yi magana a madadin mai shagon caji na Hunƙuyi, domin ba su san da shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwafo dokar Turai ɗungurungum ba zai amsa tambayoyin wannan yanki ba, waɗanda suka shafi rashin sabis da katin shaida da kuɗin waje da harshe.

Abin da Ya Kamata a Yi

Nijeriya tana da makamin da take buƙata. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta haramta wa kamfanin da ya mamaye kasuwa yin amfani da ƙarfinsa ta hanyar da ba ta dace ba, kuma FCCPC ta nuna tana iya tunkarar manyan kamfanonin waje lokacin da ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a watan Yuli na 2024, hukuncin da kotun sauraron ƙararrakin gasa ta tabbatar a watan Afrilu na 2025. Abu na farko, saboda haka, shi ne hukumar ta buɗe cikakken bincike a kan kasuwar manhaja, ta kuma saurari jama'a a Zariya da Kano, ba a Abuja da Legas kaɗai ba, inda 'yan turawa da masu gyaran waya da ɗalibai za su yi bayani da bakinsu. Binciken ya haɗa da rumbun Palm Store da sauran manhajojin da ke zuwa a girke cikin wayoyin Transsion, domin mamaya ba ta da ƙabila.

Na biyu, kafin ƙa'idar rajista ta iso Nijeriya, a nemi alƙawari a rubuce a kan abubuwa takamaimai: cewa tantance manhaja zai yi aiki a inda babu sabis, cewa lambar shaidar ɗan ƙasa da takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni sun wadatar, cewa duk kuɗin da za a biya ana iya biyansa da naira, kuma duk wanda aka soke sunansa yana da damar ɗaukaka ƙara a gaban wata hukuma a cikin Nijeriya cikin wa'adi sananne.

Na uku, a dage kan cewa masu tantancewa su zama da yawa. Shafukan intanet suna samun takardun shaidarsu daga hukumomi masu yawa da ke ƙasashe daban-daban, kuma duniya ba ta rushe ba. Babu dalilin fasaha da zai hana NITDA ko jami'a ko ƙungiyar ƙwararru ta tsaya wa maƙerin manhaja a matsayin mai lamuni, muddin ta cika sharuɗɗa bayyanannu. Yawan masu tantancewa kariya ce daga kamfani, kuma kariya ce daga gwamnati, domin mayar da littafin daga hannun Google zuwa hannun ma'aikata ɗaya a Abuja gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Na huɗu ya shafi gida. Majalisun ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, tare da ƙungiyoyin masu sana'ar waya da manyan makarantun yankin, suna iya shirya wa 'yan turawa horo na kwana biyu ko uku da Hausa: yadda ake gane manhaja ta asali da jabu, yadda ake sabunta abin da ke cikin kwamfutar shago, dalilin da ya sa ba a riƙe kalmar sirrin abokin ciniki, da abin da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora a kan mai riƙe da bayanan wani. Wanda ya kammala a ba shi shaida ya rataya a shago. Bankuna da kamfanonin tura kuɗi, waɗanda su ne suka fi cin moriyar yaɗuwar manhajojinsu ta wannan hanya, su ne suka fi cancanta su ɗauki nauyin horon, su kuma riƙa bai wa waɗannan shaguna sahihan kwafi kai tsaye. Gwamnatin Tarayya da ke horar da matasa ƙarƙashin shirin 3MTT ita ma tana da ruwa da tsaki, domin koya wa yaro ƙira ba tare da an tabbatar masa da rumfa ba rabin aiki ne.

Kammalawa

Ɗan turawa na bakin kasuwar Maƙarfi yana cike giɓin da tsadar data da raunin sabis da shingen harshe suka bari, kuma zai ci gaba da cike shi har ranar da waɗannan suka kau. Yana da aibobi na gaske, kuma an zayyana su. Gyaransu yana yiwuwa ta hanyar da fataken Kano suka bi shekaru ɗari biyu da suka wuce, wato a saka sunan mai lamuni a cikin ƙunshi, a bar kaya su bi kowace hanya, dokar ƙasa kuma ta riƙe ikon hukunta wanda ya ha'inta. Shekarar 2027 ba ta da nisa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sharuɗɗan da FCCPC da NITDA ba su nema ba kafin ƙa'idar ta fara aiki, da wuya su same su bayan wayoyin Paki da Likoro sun fara ƙin karɓar abin da aka turo musu.